Kwanukan Baba Tausa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa ku ce ta zo mu ji ta, ko da yake wannan ba kiranta aka yi ba, da ƙafarta ta zo har tsakar gidanmu.

Da hantsi ne. Ina tsaye na dafa famfo, na naɗe idon sawuna na hagu da wani tsohon ɗankwali, ina cije leɓe kamar wadda mota ta taka. Surukata na leƙe ta taga, ta toshe bakinta da yadin da take ɗinkawa don kada dariya ta tona mana asiri.

"Baba Tausa," na ce, "fito ka taimaki baiwar Allah. Na yi targaɗe."

An jima kafin labulen ƙofarsa ya motsa. Ya fito da takunkumi a fuska, ya tsaya daidai bayan layin allin da aka ja a gaban ɗakinsa. Ya dubi ƙafar, ya dube ni.

"Ɗan taka zuwa igiyar shanya, Iya, in gani."

Na taka, ina ɗingishi ina nishi, har da kiran sunan Allah.

"Wace ƙafar ce?"

"Ta hagu mana. Ba ka ga ɗauri ba?"

"Na gani. Da ta dama kike ɗingishin."

Surukata ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya a bayan taga. Ni ma na yi, don ba ni da sauran abin yi. Shi bai yi ba. Ya ce in kwance ɗankwalin kafin in tare wa kaina jini, ya juya, labule ya rufe. Da a da ne, wannan ƙaryar tawa sai ta yi wata tana yawo a unguwa, yana ba da labarinta yana kwaikwayon tafiyata har mai kanti ya ji. Na sunkuya na kwance ɗankwalina. Abin da nake nema da ma shi ne ya tsallako layin nan ya kama ƙafar mutum ko sau ɗaya, ko Allah zai sa ya dawo yadda muka san shi. Bai tsallako ba.

Bari in gaya muku ko wane ne shi, don ku san abin da ya sa tsohuwa kamata ta zauna tana shirya ƙarya da rana tsaka. Sa'ana ne, in ma ya girme ni to da kaɗan ne, amma 'yan ƙwallo suka sa masa Baba Tausa, sunan ya bi shi har muka manta na yanka. Shi ne mai tausa na ƙungiyar ƙwallon garinmu tun yana da baƙin gashi. In ɗan wasa ya faɗi a fili yana birgima, shi za ka ga ya sheƙo da jakarsa a hannu ɗaya, kular ƙanƙara a ɗayan. A gida kuma yana da wani dogon benci mai katifa a ƙofar ɗakinsa, bencin nan ba ya hucewa. Mai ciwon baya, mai gocewar kafaɗa, matar da wuyanta ya sanƙare a wajen barci, duk nan ake zuwa. Tsakar gidanmu kullum warin man zafi take yi, har shanyarmu ta ɗauka. Yana murza mutum yana zuba surutu, wanda ake murzawa yana ihu, shi yana cewa, "Yi haƙuri, ba ni ba ne, jijiyarka ce mai taurin kai irin na ubanka." Ya sha gaya mini cewa shi kunnuwansa a yatsu suke, in bai taɓa mutum ba to bai gaisa da shi ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya gare shi, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, mu Nas muke ce mata.

Sai annoba ta zo. Kun san ta, ba sai na bayyana muku ba. Aka rufe makarantu, aka rufe kasuwa, aka sa wa filin wasa kwaɗo, aka ce kowa ya zauna a gida ya ba ɗan'uwansa tazara. Ɗana, mijin surukata, iyaka ta rufe da shi a ƙasar da yake aiki. Nas ta bugo waya ta ce a tara mata mutanen gida, a buɗe murya kowa ya ji. Muka tsaya nesa-nesa da juna, wayar a kan bokitin da aka kife.

"Iya, don girman Allah," ta ce, "Baba yana da ciwon suga, yana da hawan jini. Irinsu nake lulluɓewa kullum a nan. Kada kowa ya shiga ɗakinsa. Kada ya taɓa kowa, kada kowa ya taɓa shi. Baba, kana ji na? Ka yi mini alkawari."

"Ina ji, uwata," ya ce. "Na yi."

Muryarta a dishe take, ka san ba ta barci. Ba wanda ya ga laifinta. A ranar Mai Jita, maƙwabcinmu na saman bene, ya samo alli ya ja layin nan, muka ajiye ƙaramin tebur a kansa. Muka raba girki, yau ɗakina, gobe matar Mai Jita. A zuba a kwano mai murfi, a ajiye a tebur, a ƙwanƙwasa ƙofa da dogon sanda, a ja da baya. In an jima sai ka ga kwanon ya dawo kan tebur a wanke tas, a kife, har yana ƙyalli. Haka yake tun matarsa na raye, bai taɓa mayar wa mutum kwano da maiƙo ba. Da yamma Nas za ta kira, tambayarta ɗaya ce.

"Iya, ya ci?"

"Ya ci. Kwano ya dawo a wanke."

"Alhamdu lillahi."

Da fari abin kamar wasa ne. Da safe Baba Tausa zai tsaya a bayan layinsa ya tashi gidan duka motsa jiki. "Na sama, ku ɗaga hannu. Iya, ki taɓo yatsun ƙafarki." In ce masa rabona da ganin yatsun nan tun ina goyon ɗana, sai dai in aika musu da gaisuwa. Da la'asar kuma Mai Jita, wanda sana'arsa kiɗa ce a ɗakunan taro da wuraren biki, zai zauna a baranda ya kaɗa mana, mutanen gidan da ke kallonmu su leƙo ta tagogi suna tafi. Muka ce ai mako biyu ne ko uku, a buɗe gari.

Ba a buɗe ba. Kwanaki suka daina suna. Sai in tambayi surukata yau wace rana ce, ta ɗaga kai daga keken ɗinki, inda take ta ɗinka takunkumi tun safe, ta yi tunani, ta ce ita ma ba ta sani ba. Tafi ya ragu a tagogi, sannan tagogin suka daina buɗewa. Mai Jita ya rataye jitarsa, ya koma zama a matakala yana shafa waya da babban yatsa, ba ya ma karanta abin da ke ciki. Matarsa ta ce in ta yi masa magana sai ta maimaita. Motsa jikin safe ma ya mutu ba tare da wani ya ce a daina ba. Ba baƙin ciki muke yi ba, ku gane. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ne, kana ganinta amma ba ka jin ta.

Shi Baba Tausa nasa ya fi na kowa. Ya ja bencinsa ya shigar ɗaki. In ya fito bakin ƙofa sai ka ga bai san inda zai kai hannuwansa ba, ya sa su a aljihu, ya fitar, ya murza bayan kujera. Surutu ya ƙafe. A cikin wannan hali ne na shirya targaɗen nan da kuka ji yadda ya ƙare.

Bayan nan da 'yan makonni rediyo ta ce za a ci gaba da gasar ƙwallo, amma ba 'yan kallo. Ranar na ga mutumin ya farfaɗo. Ya wanke bandejinsa ya cika igiyar shanya da su, ya goge takalmansa, ya jera kwalaben man zafi a bakin taga yana duba wanda ya ƙare. Har ya ce da ni, "Iya, in kina da wata ƙafar da za ki ɗaure, ki hanzarta, na kusa komawa aiki." Na ji daɗi har na ƙara nama a miya.

Ba a jima ba sai ga Gola ya zo. Mai tsaron ragar ƙungiyar ne, dogo mai tafukan hannu kamar faranti, magidanci da 'ya'yansa, amma a gaban Baba Tausa kullum kansa a ƙasa yake. Ya tsaya ta wajen famfo yana jujjuya makullin babur.

"Baba, koci ne ya aiko ni. Shi ya kasa zuwa."

"To faɗi mana. Ko ƙwallo ce ta maƙale maka a wuya?"

"An ce duk wanda ya manyanta ba zai shiga fili ba, sai an ga yadda hali ya yi. An kawo wani saurayi. Da safar hannu yake aiki."

Baba Tausa ya dubi igiyar shanya. Bandejin nan suna ta kaɗawa a igiya tsakaninsu.

"Yana da hannu?"

"Na'ura gare shi, Baba. Tana ƙara kamar injin aski."

"To. Allah ya ba da sa'a." Ya ƙura wa Gola ido. "Me ya sami kafaɗar nan? Tun da ka shigo take sama da 'yar'uwarta."

"Faɗuwa na yi a wajen atisaye. Na'urar ta bi ta kai sau da yawa, ba ta sauka ba." Gola ya matso har takalminsa ya taɓa alli. Ya rage murya. "Baba, ɗan danna mini kawai. Wa zai sani?"

Na ga hannuwan tsohon nan sun ɗago da kansu, yatsu a buɗe. Ni da gangan na juya baya na kama ɗaurayar bokitin da ba shi da datti, don kada ya ce ina kallo. Na daɗe ina ɗauraya. Da na waiga, ya mayar da hannuwan bayansa ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"Na yi wa yarinyar nan alkawari," ya ce. "Nemi ƙaramar ƙwallo mai tauri, ka sa ta tsakanin kafaɗar da bango, ka danna inda ya fi zafi har ka ji ya saki. Ja da baya, ka taka layi."

Gola ya ja da baya. Da ya tafi, Baba Tausa ya kwashe bandejinsa tun ba su gama bushewa ba.

Gidanmu ba shi da nisa da filin wasa. Da can ranar wasa ba ma bukatar rediyo, in an ci ƙwallo ihu ne zai taso kamar hadari, kwanuka su yi rawa a kan kanta. Ranar wasan farko Baba Tausa ya sa rigar ƙungiya ya fito da kujera bakin ƙofa. Ni ma na fito da tawa, muka zauna, tsakar gida a tsakaninmu. Shiru. Tsuntsaye ne kawai, da keken ɗinkin surukata.

"An fara kuwa?" ya ce.

"Ban sani ba."

Can iska ta kawo wani abu kamar usur, ko kuma ƙofar wani ce ta yi ƙara. Ya karkata kai ya saurara, bai sake ji ba. Muka zauna a haka har inuwa ta haye bango. Mai Jita ya leƙo daga sama da waya a hannu, ya ce an tashi, ba wanda ya ci wani. Baba Tausa ya gyaɗa kai ya ɗauki kujerarsa. A lokacin da ya miƙe ne na lura rigar nan ta yi masa yawa, kafaɗunta sun zubo kamar an rataye ta a ƙusa.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da Nas ta kira na gaya mata.

"Mahaifinki ya rame."

"Yana ci dai ko?"

"Kwano yana dawowa a wanke."

"To rashin motsi ne, Iya, tsoka ce take zubewa. Tun da yana ci, da sauƙi. Ku dai kada ku shiga. Nan wajenmu abin ya ƙara tsanani." Ta yi hamma a cikin wayar, ta ba ni haƙuri, wani ya kira ta, ta kashe.

Na ƙara mai a girki. Matar Mai Jita ta riƙa dafa masa ƙwai tana ɗorawa a kan shinkafa. Kwano ya ci gaba da dawowa tas. Shi ne dai ya daina fitowa. In an ƙwanƙwasa sai hannu ya leƙo ta gefen labule ya ɗauka, in an jima hannu ya leƙo ya ajiye. Sai in tsaya a bayan layi in ɗaga murya.

"Baba Tausa, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Iya."

"Ka fito ka sha iska mana. Ko amarya ka ɓoye mana a ciki?"

"Sai an jima."

Wata rana na dafa wake, na zuba masa tun kafin mu ci namu. Da yamma na tambaye shi ko gishiri ya ji, ya ce ya ji daidai. Da muka zauna cin namu ni da surukata, loma ɗaya muka yi muka dubi juna. Na manta ban sa gishiri ba sam, waken lami ne kamar ruwa.

"Ya ce ya ji," na ce.

"Kawaici ne, Iya, irin naku na manya. Zai ce miki abincinki ba daɗi ne?"

"Shi? Mutumin da ya taɓa ce mini miyata za ta yi kyau wajen gasa targaɗe?"

"Da ke nan. Yanzu kowa ya yi sanyi."

Na yarda da ita, don maganarta ta fi sauƙin haɗiya. Washegari na sa gishiri, kwano ya dawo a wanke, Nas ta kira, na ce ya ci.

Ranar da abin ya fito fili, da safe ne. Na fito ɗibar ruwa na ga kwanon jiya na matar Mai Jita yana nan a tebur yadda ta ajiye shi, murfi a rufe, tururuwa sun yi masa layi. Na ɗauki sanda na ƙwanƙwasa. Na kira. Na sake ƙwanƙwasawa. Surukata ta fito, Mai Jita ya sauko da matarsa. Muka kira Nas, wayarta a kashe, tana bakin aiki. Mai Jita ya kira lambar da ake ta sanarwa a rediyo, aka ce ya jira, wani kiɗa ya riƙa fitowa daga wayar.

Ga mu nan manya huɗu a tsaye, yatsun ƙafarmu a bakin layin alli. Ruwan wanki ma ya goge rabinsa. Ba wanda ya ɗaga ƙafa.

"In cutar ce fa?" in ji matar Mai Jita.

"Ta ina za ta same shi?" na ce.

"Mu jira su amsa," in ji mijinta. "An ce kada a shiga."

Kiɗan nan yana ta yi. Na miƙa wa surukata sandan, na gyara takunkumina, na tsallaka. Na tura ƙofar. Ba a kulle take ba. Daga baya na tuna bai taɓa kulle ta ba tun da na san shi.

Ɗakin a share yake, komai a wurinsa. Jakar aikinsa na bakin ƙofa a shirye, takalman a goge a gefenta. Yana kwance a kan bencin tausa, ba a gado ba, ya lulluɓa da tawul. Idonsa biyu. Fuskarsa ta zama ƙashi da fata, leɓunansa sun tsage.

"Iya, kin taka layi," ya ce. Da kyar na ji.

"Na taka. Ka kai ni ƙara."

Na jawo kujera na zauna, na kama hannunsa. Ba shi da zafi, ba shi da nauyi. Ya yi kamar zai janye, sai ya bari. Can na ji babban yatsansa yana bin wuyan hannuna a hankali, yana dannawa, yana tsayawa, yana gaba. Ya rufe ido.

"Nan ya yi tauri," ya ce. "Kin cika ɗaukar bokiti da hannu ɗaya."

"Wa zai ɗaukar mini?"

"Ga surukarki."

"Tana ɗinki."

Ya ci gaba da dannawa. Ba ƙarfi a yatsan, amma wurin ya sani. Na ce wa surukata, wadda ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa, ta duba firij ta kawo ruwa. Na ji ta buɗe. Ban ji ta rufe ba.

"Iya," ta ce. "Zo ki gani."

"Kawo ruwan dai."

"Ba wurin ruwa a ciki."

Na leƙa daga inda nake zaune. Firij ɗin a cike yake maƙil, tun daga sama har ƙasa. Robobi, tukwane, ledoji a ɗaure, kowanne da abinci. Ga shinkafar matar Mai Jita da ƙwai a kai, ga miyar da na ƙara wa nama. Surukata ta buɗe kular ƙanƙarar ƙungiya da ke gefe, ta yi saurin mayar da murfin ta kau da kai. Ita ma a cike take.

"Ba ya wucewa, Iya," ya ce, idonsa a rufe. "In na kai baki sai maƙogwaro ya ƙi. Kuma abinci ba a zubar da shi."

"Shi ne kake wanke mana kwano."

"Zan mayar da shi da datti ne?"

"Me ya hana ka faɗa?"

"Sai ku gaya wa yarinyar nan. Ga ta da nata a gabanta."

Aka ɗebo ruwa a famfo, na riƙa ɗiga masa da cokali. Wani ya shiga, wani ya bi gefen baki. Bai saki hannuna ba har motar asibitin da Mai Jita ya kira ta zo, wajen azahar. Mutum biyu suka shigo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ba ka ganin ko idonsu sosai. Suka tambayi ko yana tari, na ce a'a. Suka tambayi wa ya taɓa shi, na ce ni. Suka ce in zauna a ɗaki har sai gwaji ya fito, kuma ba mai rakiya. Suka ɗaga shi kamar ana ɗaga tabarma. A tsakar gida ya buɗe ido ya ce wa Mai Jita ya shigar masa da kwalaben da ke taga, rana tana ɓata mai.

Gwaji ya fito, ba ya ɗauke da cutar. Ko kusa da shi ba ta zo ba. Likitoci suka ce ƙodarsa ce ta gaza, jiki ya daɗe ba ci ba sha, ga suga. Suka sa masa ruwa, suka yi abin da za su iya. Ba a barin kowa shiga. Nas ta nemi izinin tafiya, hanyoyi a rufe, asibitinsu kuma ba wanda zai karɓe ta a aiki. Wata ma'aikaciya ce ta riƙa kara masa waya a kunne. Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Nas ta kira ni.

"Iya, Baba ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ki haƙuri."

"Amin."

Ina jin numfashinta, ina jin ƙarar wata na'ura a bayanta.

"Kullum ina tambaya," ta ce.

"Kullum kina tambaya."

"Kuna cewa ya ci."

"Haka muke cewa."

Ba faɗa take yi ba, ni ma ba kare kai nake yi ba. Muna dai faɗin abin da ya faru ne. Sai ta ce ana kiranta.

Mutane kaɗan aka bari suka raka shi. Mai Jita ya je, Gola ya je da wasu 'yan wasa biyu. Mai Jita ya ce sun tsaya nesa-nesa da juna kamar turakun shinge, ba wanda ya dafa wani. Gaisuwa duk ta waya aka yi. Mutanen da ya gyara wa baya da wuya suka yi ta kira, in amsa in ce amin, in ajiye, wata ta shigo. Ban yi kuka ba. Na jira ya zo, bai zo ba.

Ni da surukata da matar Mai Jita muka kwashe firij ɗin. Muka ɗaure hanci, muka yi ta juyewa a manyan ledoji, Mai Jita yana kaiwa bola. Matar Mai Jita in ta buɗe roba sai ta ce, "Wannan nawa ne," ko "Wannan naki ne, Iya," har na ce ta bari. Muka wuni a bakin famfo muna wanke tukwanensa. Da muka gama muka jera su a rana suka bushe, muka mayar masa kan kanta, muka ja ƙofar.

Da aka buɗe hanyoyi Nas ta zo ta kwashe kayansa. Ta kwana biyu a ɗakina, ba mu yi maganar ba. Jakar aikin ta ba Gola. Ta koma bakin aikinta, daga baya na ji ta bar jinya ta koma koyarwa. Takan kira ni jefi-jefi. Gola ya buga kakar wasa ɗaya ya ajiye ƙwallo, kafaɗar ba ta sake daidaita ba, yanzu kayan gini yake sayarwa. Mai Jita ya koma kiɗa da aka buɗe ɗakunan taro, amma a gida ba ya taɓa jitar, sun ma tashi sun koma wata unguwa. Ɗana ya dawo. Surukata ta koma ɗinkin riguna, ragowar takunkuman ta cusa su a matashin kai.

Ɗakin an ba wasu matasa haya, miji da mata da 'yarsu mai rarrafe. Ni ina nan. Da rana nakan fito da kujera in zauna a inuwa ina tsintar wake. Jiya yarinyar ta rarrafo tun daga ƙofarsu har inda nake, ta kama zanena ta miƙe tsaye. Ta daɗe a haka tana lilo, sannan ta zauna.